Lambun Iya Tasalla

An ce wani sarki, a wata ƙasa mai duwatsu da rafuka, ya daɗe bisa gadon sarauta har furfura ta cinye masa gemu. Ya yi yaƙi ya ci, ya yi sulhu ya ɗore, ya aurar da 'ya'ya ya ga jikoki. Cikin abin da sarakuna ke nema, babu wanda Allah ya hana shi. Amma da tsufa ya zo, sai zuciyarsa ta daina zama a fada. Ana tsakiyar gaisuwa ko sauraron ƙara, sai a ga idonsa ya kafe wuri guda, a yi ta magana ba ya ji. Fadawa suka zaci ciwo ne. Ba ciwo ba ne, wani lambu yake tunawa.

Ga asalin abin. Tun yana ɗan mitsitsi, ƙanin ubansa ya yi tawaye, ya kashe uban, ya haye gado. Kakarsa, wadda ake kira Iya Tasalla, ta goya shi ta gudu, ta yi ta tafiya har wani birni mai nisa da ake ce wa Marmaro. A can ya yi wayo, cikin wani lambu da ke gindin dutse. Bai daɗe da yin famfara ba Iya ta rasu, amintattun ubansa suka zo suka tafi da shi, suka rene shi a ɓoye har ranar da ya karɓi gadon ubansa. Bayan haka yaƙi ya ci Marmaro, mutanenta suka watse, ta zama kufai. Sarki bai sake ganinta ba sai a zuci.

A zucin kuwa, komai na nan daram. Ba a hangen lambun daga nesa. Wata siririyar hanya ce tsakanin shingen lalle, ta karkata hagu, ta karkata dama, ƙamshi ya riga ido isa, sai mutum ya fara zaton ya yi ɓatan kai, sa'an nan ta buɗe gaba ɗaya, ga lambu shimfiɗe a gabansa. Dogayen dabinai sun tsaya ta yamma suna tare zafin rana. Ƙarƙashinsu lemo da rumman, ƙarƙashin waɗannan kuma na'ana'a da ɗoɗɗoya, inuwa bisa inuwa. Ruwa na fitowa daga gindin dutse, yana gangarowa ta matakalar duwatsu, kowane mataki da irin muryarsa, har ya taru a wani tafki mai bado wanda wani tsohon ɓaure ya sunkuya a kansa. A gindin ɓauren akwai dakali. Nan Iya ke zama da faifai a cinya tana tsince ganyen lalle.

Ya tuna wata rana ya tambaye ta, "Iya, lambun nan na wane ne?"

Ta ce, "Namu ne, maigidana."

Ya kuma tuna duk wanda ya gifta sai ya rage tsawo ya ce masa, "Mai lambu, barka da hutawa." Shi kuwa sai ya ɗaga ɗan hannunsa ya amsa, kamar yadda ya ga manya na yi.

Wata safiya sarki ya kira wazirinsa, wani dattijo mai sanyin hali da ake kira Dalhatu, ya ce, "Waziri, ina so kafin a rufe ni in sake zama cikin lambun kakata. Tun da ba ni iya zuwa gare shi, a kawo mini shi nan."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, masu magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Sarki ya ce, "Ni ba bara na tuna ba. A tara mini magina."

Aka tara magina da masu sassaƙa dutse da masana itatuwa. Aka zaɓi wani wuri a arewacin birni, inda rafi ke fitowa daga tsakanin duwatsu. Sarki da kansa yake tsayawa cikin rana yana zana ƙasa da sanda: nan hanya za ta karkata, nan ɓaure, can dabino. Aka aika fatake ƙasashe masu nisa suka zo da dashen rumman da inabi, saiwarsu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Aka zagaye wurin da doguwar katanga, aka sa ƙyauren ƙarfe, aka tsai da dogarai.

To, wannan rafi ba maraya ba ne. Idan ya wuce birni, yana ratsa fadamar 'yan lambu, mutanen da tun kaka da kakanni suke ɗiban ruwansa da jigo suna noma albasa da alkama da yalo da alayyafo. Don tafkin sarki ya cika, magina suka yi madatsa suka tare rabin ruwan. Sarki ya zo ya saurara, ya ce muryar ruwan ta yi rauni, ba haka take a Marmaro ba. Aka ƙara wa madatsa tsawo. Ya dawo ya zauna a kan sabon dakali, ya rufe ido, ya daɗe, sa'an nan ya tashi ya ce, "Ya yi kyau. Amma ba shi ba ne." Aka rushe matakala aka sake. Aka tumɓuke lemo aka matsar. Kowane gyara sai ya ci ruwa, har ya zamana abin da ke isa fadama bai fi a jiƙa ƙafa ba.

Shugaban 'yan lambun, wani kakkauran mutum mai suna Tanimu, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, jigo ya daina taɓa ruwa. Albasa ta kwanta."

Sarki ya ce, "Ku yi haƙuri itatuwan su kama ƙasa. Da sun kama, za a sakar muku."

Rani ya wuce, wani ranin ya zagayo. Tanimu ya sake zuwa, aka ce masa sarki yana lambu, ba ya ganin kowa. Mutanen fadama suka fara ɗaure kaya suna barin gari. Da tura ta kai bango, Tanimu ya saɓa dagi da rana tsaka, kowa na gani, ya hau madatsa ya fasa ta. Ruwan da aka daɗe ana tarewa ya ɓalle da ƙarfi, ya kwashe matakalar duwatsu, ya tumɓuke dashen rumman, ya yi ƙasa da su. Tanimu bai gudu ba. A nan dogarai suka same shi zaune, dagin a gefensa.

Da sarki ya ga ɓarnar, sai ya fusata. Ji ya yi kamar an sake rusa Marmaro a kan idonsa. Ya rantse sai an sare kan Tanimu a bakin kasuwa.

Waziri Dalhatu ya bari har aka yi sallar la'asar, fushi ya ɗan kwanta, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, hukuncinka hukunci ne. Sai dai na ji daga bakin fatake cewa mutumin da ya tsara lambun Marmaro yana raye. Sunansa Shaihu Ukashatu, masani ne na lissafin ƙasa da tafiyar ruwa, yana karantarwa a wani ƙauye bayan tsaunuka. Da za a jinkirta har ya zo ya ga ɓarnar da idonsa, da an san girman laifin, an kuma san yadda za a gyara."

Sarki bai ji rabin maganar ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne, akwai sauran wani mai rai da ya taka wannan lambu. Ya ce, "A ajiye Tanimu a kurkuku. A tafi a zo mini da Shaihu, a bi shi a hankali kamar ƙwai."

Aka gyara madatsa, aka mai da matakala, kafin baƙo ya iso. Shaihu Ukashatu ya zo a kan jaki, tsoho tukuf, dogo amma ya ranƙwafa, hannuwansa duk jijiya. Sarki ya tashi tsaye ya tarbe shi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Da baƙo ya huta, washegari da hantsi suka nufi lambu, sarki da Shaihu a gaba, waziri na biye.

A bakin ƙofa dogarai suka ture ƙyauren ƙarfe, ya yi ƙara. Shaihu ya tsaya ya shafa shi da tafin hannu, suka shige. Da hanyar lalle ta karkata ta sake karkata, sa'an nan ta buɗe, sai tsohon ya yi turus, ya dafa sandarsa da hannu biyu.

Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ya sarki, wa ya gaya wa maginanka a karkata hanyar sau biyu?"

Sarki ya ce, "Ni ne. Haka na tuna ta."

Shaihu ya ce, "Ka tuna daidai. Na karkata ta ne don kada ido ya haɗiye lambun a loma guda. Abin da aka gani tun daga nesa, kafin a iso an ƙoshi da shi."

Suka ci gaba. Shaihu na tafe yana yaba abin yabo: yadda aka sa dabino ta yamma, yadda aka dasa lalle ta inda iska ke shigowa don ta ɗauko ƙamshi, yadda aka bambanta faɗin duwatsun matakala don kowane ya ba ruwa wata murya. Zuciyar sarki ta yi fari, ya ji kamar yaro da malami ya duba allonsa ya yi murmushi.

Ya ce, "Ya Shaihu, me mai tsara lambu ke fara shukawa?"

Shaihu ya ce, "Kallo, ya sarki. A Marmaro na yi damina da rani ban kafa ko tsinke ba. Ina duban inda ruwa ke son bi, da inda ƙafar mutane ke son bi, da inda mai kaya ke sauke kayansa in ya gaji. Inda suka taka, nan na yi hanya. Inda suka huta, nan na yi dakali."

Sarki ya ce, "To, wane itace ya fi daraja a lambu?"

Ya ce, "Wanda inuwarsa ta tsallake katanga."

Sarki ya yi dariya, don ya zaci wasan malamai ne. Suka isa gindin ɓaure suka zauna a kan dakali. Sarki ya dubi tafki, sa'an nan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ka ga dai ban bar komai ba. Amma duk sa'ad da na zauna nan, sai in ji ni baƙo ne. Don Allah ka gaya mini, me ya rage?"

Shaihu ya ce, "Babu abin da ya rage, ya sarki. Ƙari ne ya yi yawa."

"Ƙari kamar yaya?"

"Ka ba ni aminci in faɗa."

Sarki ya ce, "Na ba ka."

Shaihu ya ce, "Ka tuna hanya, ka tuna ɓaure, ka tuna muryar ruwa. To, tuna mini ƙyauren lambun Marmaro. Na katako ne ko na ƙarfe?"

Sarki ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya koma cikin zuciyarsa ya bi hanyar lallen nan daga ciki zuwa waje, kamar yadda yakan bi ta da gudu yana yaro. Ya ga shinge, ya ga ƙasa mai laushi, ya ga babbar hanyar gari. Bai ga ƙyaure ba. Ya ce, "Na manta shi. Tsufa ne."

Shaihu ya ce, "Ba ka manta ba. Babu shi ne. Madatsa ma babu. Ruwan yana shigowa ta sama, ya yi waƙarsa a matakala, ya huta a tafki, ya fita ta ƙasa ya tafi gonakin masu albasa."

Fuskar sarki ta canza. Ya ce, "Kakata 'yar sarki ce, matar sarki, uwar sarki. Ta yaya za ta bar lambunta ba ƙyaure, kowane kare da doki na shiga?"

Shaihu ya ce, "Ba lambunta ba ne, ya sarki."

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya ce, "Da bakinta ta gaya mini namu ne."

Shaihu ya ce, "Ba ta yi maka ƙarya ba, Allah ya ji ƙanta. Namu ne ta ce, ba ta ce nawa ba. Saurara ka ji. Akwai wani madugu a Marmaro, Ilyasu sunansa. A wata tafiya ƙishirwa ta kusa kashe shi a bakin wata rijiya da masu ita suka hana shi guga, don ba su san shi ba. Ya yi alkawari in Allah ya fid da shi, zai yi wurin da baƙo zai sha ya huta ba a tambaye shi sunan ubansa ba. Shi ya kira ni, ina saurayi na dawo daga neman ilimi, ya ba ni filin. Sharaɗinsa biyu ne: kada a sa ƙyaure, kada ruwa ya kwana bai wuce ga na ƙasa ba. Da aka gama ya bayar da shi wakafi ga duk mai rai, ya bar ni ina kula da shi."

Ya numfasa, ya ci gaba. "Wata rana da azahar na ga wata tsohuwa ta shigo da goyo. Ƙafafunta sun tsattsage, zanenta ya koɗe. Ta shayar da yaron a tafki, ta wanke masa fuska, sa'an nan ta sha. Akwai 'yar bukka a bayan ɓaure inda matafiya ke kwana, na ce ta zauna. Ta ce ita ba ta cin sadaka, in akwai aiki a ba ta. Na ce akwai shara. Tun daga ranar, kafin ka farka ta share lambun nan kaf. Lallen da ka gani tana tsincewa, shi take dakawa ta kai kasuwa. Ba ta gaya wa kowa ko ita wace ce ba, sai da ciwon ajali ya kama ta, ta kira ni ta ce in aika wa wasu mutane a ƙasarku. Abu guda ta roƙi mutanen gari tun farko: kada wanda ya nuna wa yaron nan cewa shi ɗan gudun hijira ne."

Sarki ya ce, "Suna ce mini mai lambu."

Shaihu ya ce, "Wani mai gyaran takalma ne ya fara, don ya ga ka yi dariya. Sai gari duka ya ɗauka. Har alƙalin Marmaro, in ya zo shan iska, sai ya rage tsawo ya gaishe ka."

Sarki ya rufe fuska da hannun riga. Can ya ɗago ya ce, "Ina tuna wani tuwon alkama da miyar alayyafo. Ban sake cin irinsa ba, duk da masu dafa mini sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Na ɗauka daga ɗakin girkin kakata yake fitowa."

Shaihu ya ce, "Kakarka ba ta da ɗakin girki, murhu ne na duwatsu uku. Kuɗin lalle ba ya kai ku ko'ina. Matan masu albasa ne, na ƙasan lambu, suke aiko da akushi. Sun san ba za ta karɓi sadaka ba, sai su ce gaisuwar mai lambu ce, tun da ruwansu ta gidansa yake biyowa. Da wannan dabara suka ciyar da ku har ta koma ga Allah. Su suka yi mata wanka, su suka ɗinka likkafani."

Sarki ya daɗe yana duban ruwan da ke kwance a tafkinsa. Sai a lokacin ya lura gefensa ya yi gansakuka, har da ɗan wari. Ya ce, "Ya Shaihu, ba ka tambaye ni mutumin da ke kurkuku ba."

Shaihu ya ce, "Ni an kira ni duban lambu ne. Na duba, na faɗi abin da na gani."

Sarki ya ce, "To, in na cire ƙyaure na fasa madatsa, zai zama shi?"

Shaihu ya girgiza kai. "Ba zan ruɗe ka ba, ya sarki. Ba zai zama ba. Ni na tsara shi, ni ma na yi shekaru ina marmarinsa, na san abin da kake ji. Dutse da itace ana sake su. Amma Iya Tasalla ta tafi, mai gyaran takalma ya tafi, yaron da ke gudu a hanyar lalle shi ma ya tafi. Abin da ya rage a hannunka shi ne mutanen da ke raye a ƙasan rafin nan."

A ranar sarki bai koma cikin gida ba. Daga lambu ya wuce zauren shari'a, ya aika a kira alƙali, a fito da Tanimu. Da jama'a suka taru, sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba: sarki ya ƙi hawa karaga, ya zauna a kan tabarmar masu ƙara, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ke cikin mari. Ya ce wa alƙali, "Ga ni ga Tanimu. Ka raba mu da gaskiya, kada ka dubi rawanina."

Alƙali ya ji ta bakin kowa, ya kira tsofaffin fadama suka ba da shaida. Sa'an nan ya ce, "Ruwan nan haƙƙin na ƙasa ne tun kafin a aza tubalin lambu. Wanda ya tare shi ne ya fara zalunci. Wanda ya fasa ya karɓi abinsa ne, bayan ya kawo kuka an rufe masa ƙofa. Asarar gonaki tana wuyan sarki. Rantsuwar da sarki ya yi kuwa, sai ya yi kaffara."

Sarki ya ce, "Na karɓa." Ya sa aka kwance marin, ya juya ya ce, "Tanimu, na zalunce ku. Ka yafe mini."

Tanimu ya shafa idon sawunsa inda ƙarfe ya ci. Ba mutum ne mai iya zaƙin baki ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa na yafe. Amma ba ni da ikon yafe na wasu. Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya tafi, ban san inda yake ba. Akwai tsohon da ya mutu yana duban gonarsa ta zama fako. Ruwa zai dawo, amma ba zai dawo da waɗannan ba."

Dogarai suka zabura, sarki ya ɗaga musu hannu. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Ka zo ka nuna mini."

Suka gangara fadama a ƙasa, sarki na dogara sanda. Ya ga jigo a tsaye, igiyarsa ta bushe ta tsinke. Ya ga kwamin albasa ya dare kamar tafin ƙafar matafiyi. Ya ga gidaje an toshe ƙofofinsu da ƙaya. A bakin kowane gida sai ya tsaya ya tambayi sunan mai shi, Tanimu ya faɗa, sarki ya maimaita. Kafin su dawo ya ba da umarni a bi duk wanda ya tashi, a gaya masa sarki na roƙonsa ya dawo, gonarsa na nan, iri da abincin shekara suna wuyan fada.

Wasu suka dawo, wasu suka aiko da cewa sun riga sun kafa bukka a wani wuri. Ƙanin Tanimu yana cikin waɗanda ba su dawo ba.

Aka rushe madatsa, aka ciro ƙyauren ƙarfe aka ba maƙera suka yi garemani da shi. Da ruwa ya ragu a lambu, inabi ya bushe, yawancin rumman ma suka bi shi. Ɓaure da dabino da lalle ne suka jure. Shaihu Ukashatu ya yi 'yan watanni yana nuna wa magina yadda za a rage tafki a buɗe masa mafita, sa'an nan ya nemi izini ya koma ga ɗalibansa, ya ƙi karɓar komai sai sabon akumari ga jakinsa. Matafiyan da suka ga lambun bayan haka sukan ce sun ga waɗanda suka fi shi ƙawa a wasu ƙasashe, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma sukan sauke kaya a cikinsa su yi ƙailula.

Sarki bai daina kewar Marmaro ba har ƙarshen ransa. Sai dai ya koma zama a fada da kunnensa duka biyu, kuma ba a sake ce wa mai kuka sarki ba ya ganin kowa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ɗansa da zai gaje shi, ya ce masa, "Na so in gina abin da na rasa, sai na rushe abin da wasu ke da shi. Kada ka bi sawuna a nan. Riƙe wannan: ruwa ke raya lambu, adalci ke raya ƙasa, kuma kowannensu aka tsare shi a gida ɗaya, ruɓewa yake."